Yadda ake gina matsayar kwale-kwale a bakin dam, da yadda ake gyara ta

Matsayar farko da na sa aka yi mini a bakin ruwan Dadin Kowa, a watan Oktoba aka kafa ta, ruwa na cike maƙil. Turaku shida, katako a kai, gwanin sha'awa. Kafin Afrilu ta ƙare, matsayar tana tsaye a kan busasshiyar laka, awaki na kwana a ƙarƙashinta, ruwa kuwa ya ja baya har sai ka yi 'yar tafiya kafin ka taɓa shi. Kafintan bai yi ha'inci ba. Ni ne na auna ruwan rana ɗaya na ɗauka haka yake kullum.

Ruwan dam ba ya zama wuri guda. Dadin Kowa kogin Gongola ne aka datse a shekarun 1980, gabas da garin Gombe a kan hanyar Biu. Yana cika a Agusta da Satumba, sannan ya yi ta raguwa duk tsawon rani, domin ana sakinsa ga injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40, ga masu noman rani, ga ruwan famfon Gombe, ga kuma abin da rana ke ɗauka. Haka dam ɗin Balanga yake hawa da sauka, haka Gubi da Waya a Bauchi. Duk abin da za ka gina a gaɓa, ko ya bi ruwan, ko ruwan ya bar shi, ko ya shanye shi.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya

Fara da izini. Gonarka tana iya kaiwa bakin ruwa, amma ruwan da ƙasar da yake rufewa idan ya cika ba naka ba ne. Dadin Kowa na ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama mai hedikwata a Yola, don haka ka je ofishinsu na wurin ka faɗi abin da kake son yi da inda kake son yinsa. Ka nisanci bangon dam ɗin da mafitar ruwa da inda injina ke zuƙa. Ruwan wurin yana ja ta ƙasa ko da samansa ya yi lumui. Daga nan ka gaida mai unguwa da sarkin ruwa. Wannan gaisuwar ba ta ladabi kawai ba ce. Masunta sun san inda ake shanya taru, inda shanu ke sauka shan ruwa, da hanyar da dorina ke bi idan ta fito kiwo da dare. Wanda ya gina a kan hanyar dorina ya gina wa dorina.

Sai neman iyakokin ruwa guda biyu. Iyakar sama tana da alama: layin shara da karmami da ruwa ya bari, tabon laka a jikin bishiyoyi da duwatsu, da inda ciyawar tudu ta tsaya. Kada ka tsaya a ta bana. Nemi dattijon da ya daɗe a wurin ka ce masa, "Baba, shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya kai?" Inda ya nuna da sandarsa, nan za ka kafa turke. Iyakar ƙasa kuwa sai ka jira ƙarshen rani, wajen Afrilu zuwa Mayu, ka gani da idonka.

Tsakanin iyakokin nan akwai awo biyu: nisan da ruwa ke ja a kwance, da tsayin da yake sauka a tsaye. Na farko tef ya isa. Na biyu ka samo farin tiyo wanda ake ganin cikinsa, irin na magina, ka cika shi da ruwa. Ruwan bakinsa biyu kullum a layi ɗaya suke tsayawa, sai ka riƙa sauka gangaren daki-daki kana tara bambancin. Waɗannan lambobi biyu su za su yanke maka irin matsayar da za ka yi. Idan gaɓar mai tsayi ce, ruwa na sauka ba ya nisa, dandamali mai iyo da gada guda mai lanƙwasa ya wadatar. Idan shimfiɗaɗɗiya ce, kamar yawancin bakin Dadin Kowa, sai dandamalin da za ka riƙa matsarwa yana bin ruwa. Kafaffiyar matsaya a kan turaku ta fi dacewa da tafkin da ruwansa ba ya wani motsi, kuma irin wannan ba shi da yawa a wajenmu.

Abu na ƙarshe, duba iska. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas. Gaɓar da ke fuskantar gabas da faffaɗan ruwa a gabanta ita ke shan dukan igiyar ruwa. In akwai lungu ko wani tsinin ƙasa da ke kare iska, ko da zai ƙara maka tafiya, zaɓe shi.

Lissafin ganguna

Dandamalin zai hau kan gangunan roba shuɗɗa masu cin lita 200. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ganga ɗaya sai an ɗora mata wajen kilo 200 kafin ta nutse gaba ɗaya. Amma ba a lissafi da wannan. Rabi ake ɗauka, kilo 100 kowace ganga, domin ganga kwance idan ruwa ya wuce tsakiyarta, ƙarin nauyi kaɗan ke tura ta ƙasa da sauri, kuma mutane ba sa tsayawa a tsakiya, gefe guda suke taruwa, gefen da kwale-kwale ya tsaya.

Ɗauki dandamali mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8, tun da katako a ƙafa 12 ake sayar da shi, ba za ka yi asarar yanka mai yawa ba. Ganguna takwas sun ba ka kilo 800. Katakon da gangunan kansu za su cinye wajen kilo 380 idan ice mai nauyi ne. Saura kusan 400, wato manyan mutane shida, ko mutum uku da buhu biyu na hatsi. In kana son fiye da haka, kada ka cusa ƙarin ganguna. Yi dandamali na biyu ka haɗa su.

Wajen sayen ganga ka tambayi abin da ta ɗauko, ka kuma sunsuna. Wadda ta ɗauki maganin feshi ko wani sinadarin da ba ka sani ba, bar ta ko kyauta ce. Wannan ruwan shi mutanen Gombe ke sha, kifinsa muke ci. Wanke gangunan a gida, nesa da gaɓa. Ka naɗe marfin da farin tef ɗin masu gyaran famfo, ka ɗaure shi da sassafe lokacin da gari ke da sanyi. Idan ka rufe ganga da tsakar rana iskar cikinta na da zafi, tana shiga ruwa iskar za ta tsuke, gangar ta lotsa. Kafin ka ɗaura kowace, danna ta cikin ruwa ka duba ko kumfa na fita ta bakin.

Katako da haɗi

Icen da ya fi jure ruwa da gara a ƙasarmu ƙirya ne, sai maɗaci, sai azarar giginya wadda kakanninmu suka yi rufin soro da ita. Ƙirya da azara su ne na turke. Na shimfiɗa kuwa ka nemi jan katako mai tauri wanda ya bushe. Farin katakon da ake daɓen kankare da shi damina biyu ba zai gani ba. Araha ba ta ado.

Za ka ji ana cewa a shafa baƙin mai. A rumbu ko dangar gida wannan maganar wani ce; a kan ruwa kada ka kuskura. Yana tsiyaya ya shimfiɗu a saman ruwa, ya ɓata kifi, ya sa katako santsi. Idan za ka sa maganin gara, sa shi a tudu, a bar katakon ya bushe sarai, kuma a ɓangaren da ba ya taɓa ruwa.

Ga yadda ake haɗa firam ɗin, kuma a kife ake haɗa shi, a fili mai laushi dab da ruwa. Tu-bai-sikis, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci shida, guda biyu masu ƙafa 12 su ne gefuna. Tsakaninsu a gicciye tu-bai-sikis takwas, biyu a baki da baki, shida a ciki, da tazara daidai wa daida. Za ka samu ramuka bakwai, kowane wajen inci 18. Wannan awon da gangan ne. Faɗin ganga ya kusa inci 23, don haka ba za ta faɗa ramin ba, za ta zauna a kan katakai biyu kamar tukunya a murhu, bayanta ya shiga wajen inci huɗu, bai kai ga taɓa shimfiɗar sama ba. Ganguna biyu-biyu za su kwanta a rami na ɗaya, na uku, na biyar da na bakwai. Tura kowace can gefe, a bar gibi a tsakiya. Iya nisan da ke tsakanin ganguna, iya ƙin jirkicewar dandamalin. Ka juya kowace ganga yadda bakunanta biyu za su kasance a jere a kwance, kada ɗaya ya zauna cikin ruwa kullum.

A nan za ka yi gardama da kafinta. Zai ce, "Alhaji, ƙusa inci huɗu ta riƙe rufin gida, wannan ne ba za ta riƙe ba?" Rufin gida ba ya rawa dare da rana. Dandamali kuwa kowace igiyar ruwa tana murɗa shi, ƙusa ta yi ta sassautawa har ta fito. Kowace kusurwa a sa mata ƙarfen kwana da mai walda ya yanka ya huda, a ɗaure da bol da noti na rabin inci, da washa mai faɗi ciki da waje. In ka samu mai rufin tutiya, wanda 'yan kasuwa ke kira galbanaiz, shi ne. In babu, a yi wa ƙarfen jan fenti mai hana tsatsa shafi biyu.

Ɗaure ganguna da igiyar roba mai kauri, zagaye biyu kowace, ta cikin hujin da aka yi a katakon. Wayar ɗauri tana tsatsa kuma tana yanka roba. Idan an gama, a tara mutum takwas ko goma a birkice firam ɗin, a tura shi ruwa mara zurfi, sannan a buga shimfiɗar. A bar tazarar kaurin ƙaramin yatsa tsakanin katako da katako don ruwa ya zube, iska ta ratsa. A ƙarshe a rataya tsofaffin tayoyi a gefen da jirgi ke tsayawa, a huda ƙasansu kada su tara ruwa sauro ya samu gida.

Abin da ke riƙe shi

Wannan aikin rani ne, kuma shi ya fi komai muhimmanci, domin abin da ka kasa kafawa a Afrilu ba za ka kafa shi a Satumba ba.

A sama da turken iyakar ruwa ka zuba ƙaramin dakali na kankare, nan ne tushen hanya. Kwaɓin ya zama buhun siminti ɗaya, kwanon sarki uku na yashi mai kaifi, shida na tsakuwa. Simintin Ashaka a jiharmu ake yinsa, ba wahalar samu. Yashin ya zama wankakke. Na bakin dam sau da yawa cuɗe yake da laka, in ka damƙe shi ya dunƙule ya ɓata maka hannu, bai yi ba. Kada rodi ya matso fuskar kankaren, a bar aƙalla inci biyu. A rufe da tsofaffin buhuna a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana bakwai. Cikakken ƙarfi sai kwana 28, shi ya sa ake so a gama zubi tun ruwa bai fara dawowa ba.

Daga dakalin, gangara zuwa iyakar ƙasa, ka kafa turaku layi biyu, hagu da dama, duk taku goma ko makamancin haka. Rami mai zurfin ƙafa uku, bututun ƙarfe ko ƙirya a ciki, kankare a kewaye. Ka bar su gajeru, da zoben ƙarfe a kai. Su ne tashoshin dandamalinka: ruwa ya ja, ka kwance igiya ka ɗaura a na gaba, ruwa ya dawo, ka yi ta hawa da shi. Amma ka tuna idan ruwa ya rufe su sun zama tarko ga cikin kwale-kwale da farfelar inji. Kowane a ɗaura masa jarka mai launi da igiya don ta taso ta nuna wurin.

Ta ɓangaren ruwa kuma anga biyu ake sawa a kusurwoyin waje, wato nauyin da ake nutsarwa ƙasan ruwa ya riƙe dandamalin. Raba ganga ɗaya gida biyu, ka cika kowane rabi da kankare, ka dasa lanƙwasasshen rodi a ciki. Lita 100 ta kankare ta kai kilo 240 a tudu, amma a cikin ruwa nauyinta bai wuce 140 ba, don ruwa yana ɗauke kilo ɗaya daga kowace lita. Mutane da yawa suna mance wannan su sa ƙaramin dutse, hadarin farko ya ja musu dandamali. Fara da sarƙa daga jikin angar, sannan igiya. Igiyoyin su gicciye, ta kusurwar dama ta tafi angar hagu, ta hagu ta tafi dama, sai dandamalin ya daina lilo. Kuma a bar sassauci. Igiyar da aka ɗaure tamau a watan Yuni, idan ruwa ya hau, ita za ta danne bakin dandamalin ƙasa.

Gadar da ke haɗa tudu da dandamali faɗin ƙafa uku ya isa, da makari aƙalla a gefe ɗaya, da ƙananan katakai a gicciye don ƙafa ta samu matoka. A jikin dandamali a haɗa ta da maƙali mai juyawa: guntayen bututu da mai walda ya jera, rodi mai kauri ya ratsa su. Ɗayan bakin ya kwanta a ƙasa a kan tsohuwar taya. Kada gangarenta ya wuce saukar ƙafa ɗaya a cikin tsawon ƙafa huɗu. Ka auna da matar da ta ɗauko kwandon kifi a ka, ba da saurayi ba.

Gaɓar da ke zubewa

Wanda gaɓarsa ke cinyewa, abin da ya fara zuwa masa shi ne katangar bulo. Na ga irinsu da dama a kwance, kuma kusan duk cikin ruwa suka faɗi, ba tudu ba. Dalili shi ne idan dam ya sauka, ƙasar bayan katangar tana nan jiƙe sharkaf, ruwan cikinta na neman hanya, babu kuma ruwa a gaba da zai tokare. Ga igiyar ruwa tana ƙwaƙule gindin.

Abin da ya fi shi ne a kwantar da gaɓar, kowace ƙafa ɗaya ta tsayi a ba ta ƙafa biyu ko uku a kwance. A gindin gangaren a haƙa rami mai zurfin ƙafa biyu a jera manyan duwatsu. Su ne ke hana sauran zamewa. A shimfiɗa tsakuwa kaurin tafin hannu a kan ƙasar, sannan duwatsu a kai, manya, waɗanda mutum ɗaya ke ɗagawa da ƙyar, a cusa ƙanana a tsakani. Tsakuwar nan ita ake yawan tsallakewa, ita ce kuwa ke barin ruwa ya fita ta riƙe ƙasa. In babu ita, shekara biyu duwatsun za su nutse cikin laka. Inda manyan duwatsu suka yi wuya, a yi kejin waya mai kauri a cika da matsakaita. In kuma dole sai katanga, a bar mata hujin fitar ruwa duk taku biyu, da tsakuwa a bayanta.

Daga saman duwatsun ka dasa jema layi-layi. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tana jure ambaliya da fari. Kuma ka bi ruwan saman da ke gangarowa daga gonarka. Sau da yawa shi ne ke fara tsaga gaɓar ta baya, mu da muka san yadda kwari ke cin unguwanni a Gombe ba sai an yi mana bayani ba. Yi masa magudana mai duwatsu ya sauka ta wuri guda.

Gyara

Sau biyu a shekara ake dubawa: ƙarshen rani da ruwa ya ja, da bayan damina. Ice ba ya ruɓewa inda yake nutse kullum, ko inda yake bushe kullum. Inda yake jiƙa ya bushe, nan yake mutuwa, da kuma inda katako ya hau kan katako, da kewayen noti. Ɗauki sukudireba ka riƙa sokawa. Ta shiga da sauƙi, katakon ya tafi, ko da fuskarsa na da kyau. Na shimfiɗa a cire a sa sabo. Na firam, idan lalacewar guntuwa ce, a kankare ruɓaɓɓen, a haɗa masa sabon katako a gefe wanda ya zarce wurin da ƙafa biyu kowane ɓangare, a ɗaure da bol huɗu. Turken da gindinsa ya ci, a kafa sabo a jikinsa a ɗaure su tare, ya fi a tsaya tumɓuke tsohon.

Dandamali ya karkata gefe ɗaya, ganga ce ta sha ruwa. Ƙwanƙwasa su za ka ji wadda muryarta ta mutu. Ba sai an fitar da komai tudu ba: jawo shi ruwa mara zurfi, mutane su taru a ɗaya gefen, a kwance mai yoyon. Sabuwar a zuba mata ruwa har ta nutse daidai shiga ramin, a tura ta, a ɗaure, sannan a zuƙe ruwan da ƙaramin famfo a rufe. Mai shiga ruwan ya sa dogon takalmin roba ya kuma taƙaita zama, domin ruwan gefe mai ciyawa nan katantanwar da ke yaɗa tsargiya take. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan irin wannan aiki ya je asibiti, maganinta sananne ne.

Notuna a ƙara ɗaure su bayan wata na farko, don katako yana tsukewa. Sarƙa a duba ta inda take gogar ƙasa, zoben da ya sirance a yanke shi. Gansakuka a goge ta da burushin ƙarfe da yashi, ban da omo. Haske kuwa fitilar sola. Kada a ja wayar janareta zuwa kan ruwa ko da ta kwana ɗaya ce. A rataye rigar hana nutsewa biyu da taya mai igiya a jikin makari, inda yaro ma zai iya ciro su.

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba ruwa na iya hawa cikin dare guda idan an yi ruwa mai yawa can sama, ko da ɗigo bai sauka a Dadin Kowa ba, tun da Gongola daga tsaunukan Filato ya taso ya ratso Bauchi. A waɗannan makonni a samu wanda zai leƙa kowace safiya, ya sassauta igiyar anga, ya matsar da ta tudu zuwa turke na sama.